Darasi na Tara: Binciken Takardun Shaidar Kwamfuta

Wanda duk ya sayi kifi a bakin madatsar ruwa ta Jabal Auliya a 'yan shekarun nan, ko ya auni dawa a kasuwar Umdurman, ya san kuɗin hannu sun yi ƙaranci har ciniki mai yawa ya koma cikin waya: mai saye ya buɗe Bankak, manhajar nan ta Bankin Hartum, ya tura kuɗi, ya nuna wa mai kaya ish'ari, watau saƙon shaidar turawa, mai kaya ya duba tasa wayar ya ga sun shigo, sa'an nan a rabu lafiya. Abin da ba kowa ke tsayawa ya tambayi kansa ba shi ne, da wace hujja wayar ta tabbata cewa da banki take magana, ba da wani maha'inci da ya tsaya a tsakani ya ari sunan banki ba? Hujjar tana cikin wani ɗan fayil da ido bai cika ganinsa ba, wanda ake kira takardar shaida ta kwamfuta, kuma wannan darasi zai yi bayanin yadda ma'aikacin ofis, ko na asibiti, ko na makaranta, zai binciki irin waɗannan takardu da aka damƙa masa amanarsu, ya san wadda aka maimaita, da wadda wa'adinta ya ƙare, da wadda aka soke.

Kowace takarda daga cikinsu tana ɗauke da sunan mai ita, da sunan hukumar da ta ba da ita, da lambar jeri, da ranar da ta fara aiki da ranar da za ta daina, da kuma wani dogon lissafi da ake kira mabuɗin fili; a ƙarshe sai hatimin hukumar, wanda shi ma lissafi ne, kuma da za a sauya ko harafi ɗaya a jikin takardar, da hatimin ya ƙi dacewa. Tsarin da ake bi wajen rubuta su shi ne X.509, wanda Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta fitar a shekarar 1988. Shi mabuɗin fili yana da abokin tagwaitaka, watau mabuɗin sirri, wanda ba ya cikin takardar, yana ajiye ne a kwamfutar mai ita, kuma duk wanda ya mallake shi yana iya magana da sunan mai takardar ba tare da wata na'ura ta musa masa ba. Ku riƙe wannan magana da kyau, domin kusan dukan abin da zai biyo baya a kanta ya rataya.

Wanda ya zauna gaban malami ya yi karatun hadisi ba zai sha wuyar fahimtar sauran ba. Malamanmu da suka shigo ƙasar nan ta hanyar Makka, tun ma kafin Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya sauka bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, ba sa karɓar ruwaya sai sun ji isnadinta, wane daga wane har a kai ga asali, kuma ba sa wadatuwa da jin sunaye sai sun binciki halin kowane mai ruwaya, ko amintacce ne, ko kuwa malaman jarhu da ta'adili sun yi suka a kansa. Haka waya take yi cikin ƙiftawar ido: takardar banki wata hukuma ta tsakiya ce ta buga mata hatimi, ita kuma ta tsakiyar wata hukuma ta tushe ce ta shaide ta, sunayen hukumomin tushe kuwa an riga an zuba su cikin wayar tun daga masana'anta. Idan mutum ɗaya ya yi rauni a silsilar, ruwayar duka ta raunana. Ita ma hukumar Sudan ta san da wannan al'amari, gama tun shekarar 2007 ta kafa dokar mu'amaloli ta hanyar lantarki, wadda ta ba sa hannu na kwamfuta matsayin hujja.

Dalilin da ya sa wannan bincike ya zama wajibi a kanmu fiye da mutanen wasu ƙasashe ba ɓoyayye ba ne. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya watsa ma'aikatan Hartum, wasu Bur Sudan, wasu Atbara, wasu Masar. An bar ofisoshi a buɗe, an kwashe na'urori da yawa, Jabal Auliya kanta ta ga faɗa mai tsanani a watan Nuwamba na wannan shekara, kuma sai a watan Maris na 2025 sojoji suka sake karɓe ta. Mai komawa ofis bayan irin wannan fitina yakan fara da ƙidayar abin da ido ke gani, kujera nawa ta saura, janareta yana nan ko ba ya nan, amma da wuya ya tuna cewa kwamfutar da aka ɗauke ta tafi da mabuɗan sirri a cikinta. Kwamfuta ana sayen wata. Mabuɗin da ya faɗa hannun da ba a sani ba kuwa yana nan da ƙarfinsa har ranar da aka soke takardarsa ko wa'adinta ya cika.

Farkon aiki shi ne rajista, domin ba a binciken abin da ba a san adadinsa ba. Sai a bi kowace na'ura da ke aiki, da babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin ofis, wadda ma'aikata ke kira saba, da faifan ajiya da aka tsira da su, da tsofaffin wasiƙun imel da hukumar shaida ta aiko, a tattara kwafin kowace takarda cikin jaka ɗaya, a rubuta gefenta inda aka same ta da sunan muƙamin wanda ke kula da ita. Takardun kaɗai za a tattara. Mabuɗan sirri ba a tara su wuri ɗaya ko da wane irin uzuri, gama wanda ya yi haka ya sauƙaƙa wa ɓarawo aikinsa. Idan takardun biyar ne ko shida, ido ya isa. Amma ofishin da ke ba ma'aikatansa takardun shiga daga nesa yana iya tarar da ɗaruruwa, kuma lambobinsu dogaye ne masu kama da juna, har mutum mai natsuwa ma sai ya ɗauki wannan a matsayin waccan. Saboda haka ake rubuta wa kwamfuta ɗan jerin umarni, wanda masu sana'ar ke kira sikirif, a ce mata ta ɗauki takardun ɗaya bayan ɗaya ta yi wa kowace tambayoyi iri ɗaya, ta zuba amsa cikin jadawali. Kayan aikin da aka fi amfani da shi kyauta ne, sunansa OpenSSL, kuma umarnin da ke karanto bayanan takarda shi ne wannan:

openssl x509 -in shaida.pem -noout -subject -issuer -serial -dates

Zai nuna sunan mai takarda, da hukumar da ta ba da ita, da lambar jeri, da ranakun nan biyu. Sikirif ba wani abu ba ne illa maimaita wannan layi da 'yan'uwansa a kan kowane fayil da ke cikin jakar.

Mas'alar wa'adi ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma aka fi gafala da ita. Ana tambayar kwamfuta ko takarda za ta ƙare cikin kwana 30 masu zuwa, sai dai da daƙiƙoƙi ake faɗa mata, watau 2,592,000:

openssl x509 -in shaida.pem -noout -checkend 2592000

Kada wani ya raina wannan tambaya. Ranar 6 ga Disamba 2018 takarda ɗaya ta ƙare a cikin manhajar kamfanin Ericsson, sai miliyoyin masu wayar O2 a Ingila suka wuni babu intanet, masu SoftBank a Japan su ma abin ya shafe su. Na kamfanin Equifax a Amurka ya fi muni, domin takardar da ta ƙare ta makantar da na'urar da ke gadin hanyarsu, ɓarayi suka yi kwana 76 a shekarar 2017 suna kwasar bayanan mutane wajen miliyan 147 ba wanda ya farga. Amma akwai wani abu da ya keɓanta da mu, mu da wutar lantarki ke yanke mana dare da rana: kwamfutar da ta daɗe a kashe, ɗan batirin agogonta ya mutu, takan farka tana zaton wata shekara ce da ta wuce, sai ta ce takarda mai kyau lokacinta bai yi ba, ko ta karɓi wadda ta riga ta mutu. Saboda haka layin farko na kowane sikirif ya zama na buga kwanan wata da sa'a, mai bincike ya dubi agogon hannunsa ya gwada kafin ya gaskata sauran. A kuma tuna cewa lokacin da ke jikin takarda na Girinwic ne, Sudan kuwa tun Nuwamban 2017 tana gaba da shi da sa'a biyu.

Wa'adin kansa raguwa yake yi. A Satumban 2020 aka iyakance wa'adin takardar shafin intanet ga kwana 398, na hukumar shaida ta Let's Encrypt kwana 90 ne, kuma a watan Afrilu na 2025 majalisar hukumomin shaida da masu burauza, watau manhajojin buɗe shafukan intanet, ta yanke cewa za a rage shi zuwa kwana 200 a Maris 2026, zuwa 100 a Maris 2027, har ya kai 47 a Maris 2029. Ma'aikacin da ya saba rubuta ranar sabuntawa a kalandar bango ba zai iya wannan gudu ba. Dole na'ura ta riƙa sabuntawa, mutum kuma ya riƙa duba ko ta yi.

Maimaici ya fi wannan zurfi, domin iri-iri ne, kuma hukuncin kowane dabam. Na farko shi ne a tarar da takarda ɗaya a wurare da yawa. Ana gane shi ta tambarin yatsan takarda, watau wani lissafi da ake fitarwa daga jikinta wanda takardu biyu mabambanta ba sa haɗuwa a kansa. Sikirif ya fitar da tambarin kowace, ya jera su, sa'an nan umarnin sort da na uniq -d su tsamo waɗanda suka zo fiye da sau ɗaya. Wannan ba jabu ba ne, kuma sau da yawa da gangan aka yi shi, amma yana da ma'ana mai nauyi: duk inda takarda take aiki, to, kwafin mabuɗin sirrinta yana nan. A ce wani ofis ya kwafe sabarsa dungurungum lokacin gudu, ya tayar da ita a wani gari, aiki ya ci gaba, kowa ya gode wa Allah. To, tsohuwar sabar da aka bari a Hartum tana ɗauke da mabuɗi iri ɗaya sak da sabuwar, kuma wanda ya ɗauke ta yana riƙe da sunan ofishin a hannunsa.

Na biyu ya fi ɓuya, shi ne takardu biyu mabambanta masu mabuɗi ɗaya. Tambarin yatsansu ba zai zo ɗaya ba, don haka sai an ciro mabuɗin filin kansa an auna shi:

openssl x509 -in shaida.pem -noout -pubkey | openssl sha256

Yawanci dalilinsa kasala ce: wa'adi ya ƙare, aka nemi sabuwar takarda da tsohon mabuɗi don gudun wahala. A zaman lafiya ana iya kau da kai ga wannan, amma ni a ganina bayan abin da ya same mu bai halatta ba ko kaɗan, domin sabuwar takarda a kan mabuɗin da aka sace ƙara wa ɓarawo wa'adi ne kawai. Idan kuwa mabuɗin ya zo ɗaya tsakanin mutane biyu da ba su san juna ba, to, na'urar da ke ƙera mabuɗan ce ke da illa. An ga haka a watan Mayu na 2008, sa'ad da aka gano cewa wani gyara da aka yi wa OpenSSL a tsarin Debian tun 2006 ya sa mabuɗan da ake iya samu na kowane nau'i ba su wuce kimanin 32,000 ba, har mugu yana iya lissafa su duka ya zauna yana gwadawa.

Na uku shi ne lambar jeri ɗaya a kan takardu biyu daga hukuma ɗaya, kuma wannan laifin hukumar ne, gama ƙa'ida ta hana ta maimaita lamba. Illarsa ita ce da lambar jeri ake soke takarda, to, idan biyu suka yi tarayya a lamba, sokewa ta rikice. Sai dai mai rubuta sikirif ya kula ya haɗa lambar da sunan hukumar kafin ya gwada, domin hukumomi biyu mabambanta suna iya dacewa a lamba ɗaya babu laifi. Ofisoshin da ke buga wa kansu takardu su suka fi faɗawa cikin wannan, musamman idan an maido da sabar daga tsohon kwafi, ta koma ƙirga daga inda ta tsaya a da.

Yanzu mun zo ga sokewa, wadda ita ce zuciyar darasin. Hukumar da ta ba da takarda tana iya janye shaidarta kafin wa'adi, idan mabuɗi ya fita hannu, ko ma'aikaci ya bar aiki, ko an maye gurbin takardar da wata, ko ofishin ya rufe. Kuma ƙa'idar hukumomin da burauza ke amincewa da su ta wajabta musu sokewa cikin sa'a 24 idan suka sami hujjar cewa mabuɗi ya fallasa. Amma fa takardar da aka soke ba ta sauya kama. Hatiminta yana nan, ranakunta suna nan, wanda ya dube ta ita kaɗai ba zai ga aibi ba, sai ya je ya tambaya. Hanyar tambaya biyu ce. Ta farko jerin sokakku ne da hukuma ke wallafawa lokaci-lokaci, ana kiransa CRL, adireshinsa yana rubuce a jikin takardar, sikirif ya sauko da shi ya nemi lambar jeri a ciki. Ta biyu ita ce OCSP, inda ake aika tambaya a kan takarda ɗaya a sami amsa nan take. Wannan hanya tana ja da baya, har Let's Encrypt ta rufe tata a watan Agusta na 2025, saboda haka sikirif ɗin da ya dogara gare ta kaɗai ya tsufa.

A nan ne nake roƙon ku mafi yawan natsuwa. Shi jerin sokakku yana da nasa wa'adi, ranar da aka fitar da shi da ranar da ya kamata wani ya maye gurbinsa, kuma jerin da ya tsufa ba hujja ba ne, domin ana iya soke takarda bayan fitarsa. Sa'an nan hanyar sadarwa tana yankewa. Ba mu manta da watan Fabrairu na 2024 ba, lokacin da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, wurare da yawa suka yi makonni babu sadarwa. To, idan sikirif ya nemi jerin bai samu ba, me zai rubuta? Burauza da yawa a irin wannan hali sukan yi shiru su wuce kamar an ce musu lafiya lau, don kada su ɓata wa mai amfani rai. Mai bincike ba shi da wannan rangwame. Lalle jadawalinsa ya kasance da gida uku: an duba ba a soke ba, an duba an soke, da kuma ba a sami dubawa ba, wanda ya zuba gida na uku cikin na farko ya yi shaidar zur, ko da bai yi nufi ba, kuma malaman hadisi ba su taɓa ɗaukar majhuli a matsayin amintacce don kawai ba a ji wanda ya soke shi ba.

Akwai lissafin da zai nuna muku inda hatsarin yake. Takardar shafin intanet da aka bayar kafin 15 ga Afrilu 2023, tun da yake ba ta wuce kwana 398, ta mutu da kanta kafin ƙarshen Mayun 2024, ko an soke ta ko ba a soke ba. Amma takardun cikin gida, waɗanda ofis ke buga wa ma'aikatansa don shiga daga nesa ko don sa hannu a kan takardun kuɗi, wannan iyaka ba ta hau kansu ba, ana ba su shekara uku, ko biyar, ta tushe ma har goma ko fiye. Waɗannan suna nan da rai, wasu cikin kwamfutocin da aka sayar a kasuwa, wasu da sunan ma'aikatan da suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Kowace ɗaya sai an bi ta an soke. In kuwa na'urar da ke riƙe da mabuɗin tushe na ofishin ita ce ta ɓace, to, soke rassa ba zai wadatar ba, gama mai riƙe da tushe yana iya buga sababbi yadda ya so. Sai a kafa sabon tushe, a cire tsohon daga kowace na'ura, a sake ba kowa takarda. Aiki ne mai gajiyarwa, kuma ban san wata gajeriyar hanya da za ta maye gurbinsa da aminci ba.

Saura takardar da aka buga da sunanka ba da saninka ba, wadda ba za ta taɓa shiga rajistarka ba tun da ba kai ka nema ba. A shekarar 2011 an kutsa cikin hukumar DigiNotar ta ƙasar Holan aka buga takardun jabu fiye da 500, har da na Google, aka yi amfani da su wajen leƙen wasiƙun mutanen Iran, kuma kafin ƙarshen Satumba kamfanin ya karye. A watan Maris na 2015 ma, nan maƙwabtanmu, an sami kamfanin MCS Holdings na Masar da takardun sunayen Google da ba a ba shi izininsu ba, ƙarƙashin hatimin hukumar CNNIC ta ƙasar Sin. Irin waɗannan fitinu suka sa aka kafa rajistoci na fili inda ake shigar da takardun shafuka, kuma tun 2018 burauzar Chrome ba ta karɓar sabuwar takarda sai an shigar da ita. Kowa yana iya shiga shafin crt.sh ya rubuta sunan shafin ofishinsa ya ga dukan abin da aka buga da wannan suna. Sai a gwada da rajistar gida, abin da ya yi rara a nemi bayaninsa daga hukumar da ta buga shi a ranar.

Sikirif a sa shi ya riƙa gudu kowace safiya, amma a ɗora karanta sakamakonsa a wuyan mutum ɗaya sananne, da mataimaki idan ba ya nan, domin rahoton da aka aika wa kowa da kowa yakan kwana ba a buɗe ba. Kuma ranar da rahoto bai zo ba a ɗauke ta ranar matsala, a je a ga abin da ya tsayar da shi.

Aikin da za ku zo da shi mako mai zuwa shi ne wannan. Kowane ɗalibi ya buɗe shafuka uku da yake hulɗa da su, ya taɓa alamar da ke gefen adireshi ya buɗe takardar shaidar kowane, ya kwafo cikin littafinsa sunan hukumar da ta ba da ita, da ranar ƙarewarta, da lambar jerinta, ya kuma lissafa kwanakin da suka rage mata. Waɗanda ke aiki a ofis su ƙara da rubuta na'urorin da suka ɓace musu tun Afrilun 2023, da abin da suke zaton kowace tana ɗauke da shi na mabuɗai, ba tare da sun kawo wani mabuɗi ko kalmar sirri cikin aji ba. Da wannan jeri za mu rubuta sikirif ɗinmu na farko.